FILIN BISHARA: Wasiƙar Annabi Irmiya Ga Mazauna Garin Wasu

Karatun wannan mako: Irmiya 29:1-14.

Duk wanda ya taɓa sauka a bakin gadar Anaca da sassafe, ko ya ratsa Gariki ta Awkunanaw a Inugu, ko kuwa ya shiga lungunan Diobu a Fatakwal, ya san ba a yin tafiya mai nisa ba tare da an ji Hausa ba. Ga masu sauke albasa da tumatir daga manyan motoci, ga mahauta da 'yan tireda, ga masu shayi da masu tsire, ga masu gadin gidaje da shaguna. Mutanen gari kuwa ba su wahalar da kansu wajen rarrabewa. A wurin yawancinsu, duk wanda ya fito daga hayin Binuwai Bahaushe ne, kuma sunansa aboki. To, amma a cikin wannan taro akwai waɗanda in Lahadi ta yi sukan ɗauki Littafi Mai Tsarki na Hausa su nufi masujada. Waɗansunsu daga ƙauyukan Kano da Katsina da Zariya suke, inda bishara ta shiga cikin Maguzawa. Waɗansu kuwa daga Kudancin Kaduna, da Filato, da Bauci, da Gwambe, da Adamawa, da Barno. Akwai soja da ɗan sanda, akwai direba da lebura, akwai ɗalibi da mai yi wa ƙasa hidima. Kowa da harshen gidansu, amma da Hausa suke addu'a, da ita suke waƙar sujada.

Irin wannan mutum baƙunta biyu ke kansa. In ya shiga kasuwa, ɗan gari yakan dube shi a matsayin mutumin Arewa, bai kuwa damu ya tambayi addininsa ba. In ya koma zango, 'yan'uwansa da suka zo daga Arewa tare sun san ba ya bin su sahu. A lokacin zaman lafiya wannan ba wani abu ba ne, ana ci ana sha tare. Amma ran da gari ya rikice, sai ya rasa inda zai sa kansa. Saboda haka da yawa daga cikinsu suna zaune ne da jaka a ɗaure, shekara goma, shekara ashirin, kullum suna cewa baɗi za su koma gida. Ga irin waɗannan mutane, da ma duk mai zaune a garin da ba a binne cibiyarsa ba, akwai wata tsohuwar wasiƙa da ta dace a sake buɗewa.

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar Sarkin Babila ya ci Urushalima da yaƙi. Ya kwashe Sarki Yekoniya da mahaifiyarsa, da fadawa da sarakunan yaƙi, da masassaƙa da maƙera, ya tafi da su ƙasar da a yau ake kira Iraƙi, ya naɗa Zadakiya a kan waɗanda suka rage. Littafin Sarakuna na Biyu, sura 24, ya ƙiyasta kamammun da dubu goma. Tafiyar ba ƙarama ba ce, domin daga baya, sa'ad da Ezra ya bi hanyar zuwa gida da ayarinsa, wata huɗu suka yi. Labarin kuwa ba a Littafi Mai Tsarki kaɗai ya tsaya ba. Masu tonon kufai sun sami allunan yumɓu a Babila ɗauke da lissafin man da ake ba Yekoniya da 'ya'yansa daga rumbun sarki.

Mutanen nan sun isa baƙuwar ƙasa da baƙin ciki, kuma ba abin da suke so su ji sai labarin komawa. Masu faɗa musu abin da suke so kuwa ba su yi wuyar samu ba. A can Urushalima wani mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali gaban firistoci da jama'a, ya ce cikin shekara biyu za a komo da sarki da kamammu da kayan Haikali duka. Har ya cire karkiyar itace da Irmiya ya rataya a wuyansa don ishara, ya karya ta a gaban mutane. Irmiya ya koma ya gaya masa cewa karkiyar ƙarfe ce za ta maye gurbin ta itace, kuma shi Hananiya ba zai ga ƙarshen shekarar ba. A wata na biyar aka yi wannan magana, a wata na bakwai Hananiya ya rasu. A Babila ma akwai irinsa, su Ahab ɗan Kolaya da Zadakiya ɗan Ma'aseya, suna ta hura wa jama'a kunne.

Cikin wannan hali ne Irmiya ya rubuta wasiƙarsa, ya ba Elasa ɗan Shafan da Gemariya ɗan Hilkiya, jakadun da Sarki Zadakiya ya aika Babila. Abin da ke cikinta ya saɓa wa duk abin da kamammun suke fata. An umarce su su yi gini su zauna, su yi shuka su ci, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, kada yawansu ya ragu. An umarce su su nemi alherin birnin da aka kai su, su riƙa yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. An kuma gargaɗe su game da masu annabcin ƙarya da masu mafarkai. Sa'an nan aka faɗa musu gaskiya mai ɗaci, watau zaman zai kai shekara 70. Wanda ya ji wannan yana da shekara arba'in ya san ba shi ne zai koma ba, sai dai jikansa.

Kafin a ɗauko darasi, wajibi ne a faɗi bambancin da ke akwai. Mutumin Zonkwa da ke aiki a Fatakwal, ko mutumin Malumfashi da ke ciniki a Anaca, ba kamamme ba ne. Da ƙafarsa ya zo, kuma a ƙasarsa yake. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon ya zauna a duk inda ya ga dama cikinta. Zuwan mutanen Arewa wannan yanki ma ba yau aka fara ba. Tun da aka haɗa Fatakwal da Inugu da hanyar jirgin ƙasa a 1916 saboda kwal, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932, dabbobi da hatsi da mutane suke ta gangarowa. A wannan shekara ta 1932 ɗin ce kuma aka fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. To, in har an umarci wanda aka kawo da igiya a wuya ya nemi alherin garin da ya ci shi da yaƙi, ina ga wanda ya zo neman abinci cikin 'yan ƙasarsa?

Darasi na farko shi ne na gini da shuka. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma da yawa sun riƙe wannan magana har ta zame musu hujjar zaman wucin gadi. Mutum yana samun abin da ya samu, amma ɗaki ɗaya yake haya shi da mutum shida. Iyali na can gida, sai Kirsimeti ake ganinsa. In kuwa iyalin na tare da shi, yara ba su zauna a makaranta ɗaya ba, don kullum ana shirin tafiya. A masujada ba ya karɓar wani aiki, ba ya shiga ƙungiyar mawaƙa, matarsa ba ta shiga zumuntar mata, in an tambaye shi sai ya ce ai shi ba mazauni ba ne. Haka shekaru za su shuɗe, bai gina can ba, bai kafu nan ba. Abin da wasiƙar Irmiya ke koyarwa shi ne, ranar da mutum yake ciki ita ce ranar da Allah ya ba shi, kuma wurin da yake tsaye nan ne za a tambaye shi abin da ya yi. Wanda ya dasa itacen mangwaro ya san sai bayan shekaru zai sha 'ya'yansa, dasawar kuwa shaida ce cewa ya amince Allah yana nan gobe. Ba a ce kowa ya sayi fili a Inugu ba, gama ba kowa ke da hali ba. Amma kowa na iya sa ɗansa a makaranta ya bar shi ya gama, ya koyi gaisuwa da harshen maƙwabtansa, ya san sunan mai gidan da yake haya da na 'ya'yansa, ya kuma ɗauki wani nauyi a ikkilisiyar da yake sujada.

Wannan ba ya nufin a manta da gida, ko a saki abin da aka gada na kirki. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura, amma maganar tana da iyaka. Daniyel ya koyi harshen Kaldiyawa da iliminsu, ya yi wa sarakunansu aiki da aminci har ya tsufa, duk da haka bai ci abin da ya ƙazantu a gare shi ba, bai kuwa fasa addu'arsa sau uku a rana ba, tagarsa a buɗe wajen Urushalima. Mai bi yana iya zama cikakken mutumin Diobu ba tare da ya bar gaskiyarsa ko ya daina aika wa tsofaffinsa abin sayen taki ba.

Darasi na biyu ya fi nauyi, shi ne na neman alherin gari da yi masa addu'a. Sai an tuna ko su wane ne Babilawa kafin a gane nauyin umarnin. Su ne suka kashe 'yan'uwan kamammun, su ne kuma a shekara ta 11 ta sarautar Zadakiya suka komo suka ƙone Haikali ƙurmus. Zabura ta 137 ta nuna irin zafin da ke zuciyar waɗanda suka zauna a bakin kogunan ƙasar, har ta ƙare da fatan ramuwa mai tsanani. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan zafi ba, amma umarnin da aka aiko ta hannun annabi shi ne a yi wa birnin addu'a. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita, wadda take 'yar'uwar salama ce, ta fito sau uku a aya ta bakwai kaɗai, kuma ma'anarta ta wuce rashin faɗa. Ta haɗa da lafiyar jiki, da albarkar kasuwa, da adalci a wurin shari'a, da barci ba tare da fargaba ba. Shekaru ɗari shida kafin Yesu Almasihu ya koya wa almajiransa su yi wa masu tsananta musu addu'a, an riga an aza harsashin koyarwar a wannan wasiƙa.

Dalilin da aka bayar kuwa kowane ɗan kasuwa ya san shi. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 2021, sa'ad da ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu, tumatir da albasa da nama sun yi tsada a kasuwannin Kudu, a Arewa kuwa kayan gwari suka yi kwantai a hannun manoma har farashinsu ya faɗi. Haka nan da aka fara zaman gida na ranar Litinin a jihohin Kudu maso Gabas a watan Agusta na shekarar, mai shago ɗan gari da mai turin baro ɗan Arewa tare suka yi asarar cinikin ranar. Kasuwar Anaca in ta ci, har Dawanau ake jin daɗinta. In ta mutu, har can ake jin jiki.

Tarihin Inugu ma yana da abin tunawa a nan. Malam Umaru Altine, Bafulatani Musulmi daga ƙasar Sakkwato, fataucin shanu ne ya kawo shi. Ya zauna, ya shiga harkokin gari da jam'iyyar NCNC, har a shekarun 1950 ya zama Magajin Garin Inugu na farko. Mutanen garin ba su ba shi wannan matsayi don ya fi su yawan dangi ba. Sun ga ya ɗauki garin nasa ne, su ma suka ɗauke shi nasu. In wanda bai karanta Irmiya a masujada ba ya aikata abin da Irmiya ya faɗa, mai karanta shi kowace shekara ba shi da uzuri.

Neman alherin gari yana farawa daga ƙananan abubuwa. Mai gadi ya tsare dukiyar da aka ba shi amana kamar tasa. Mai awo ya cika mudu. Ɗan sanda ko soja da aka turo daga Arewa ya tuna da abin da Yahaya Mai Baftisma ya faɗa wa sojojin da suka zo wurinsa a Luka sura 3, cewa kada su ƙwaci na kowa, kada su yi ƙazafi, su ƙoshi da albashinsu. Duk naira ɗaya da aka karɓa da zalunci a shingen hanya, wani mai sayar da rake ne zai biya ta wata rana, domin da sunan mutanen Arewa duka ake rubuta ta. A lokacin addu'ar roƙo kuma, in an gama ambaton Jos da Kagoro da Mubi, a ambaci Anambra da Inugu da Ribas, da masu mulkinsu, da sarakunansu, da matasansu marasa aikin yi.

Darasi na uku shi ne na masu annabcin ƙarya. Hananiya bai zo da takobi ba, da magana mai daɗi ya zo, kuma da an bi ta tasa da an yi tawayen da zai jawo hallaka. Ƙasar nan ta ga abin da magana take haifarwa. A 1966 an kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, mutanen Arewa da ke Gabas su ma aka taɓa su, suka kwashe suka tafi, daga nan aka shiga yaƙin basasa daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Ran 18 ga Fabrairu 2006 aka yi tarzoma a Maiduguri a kan zanen ɓatanci da aka buga a wata jarida a ƙasar Denmak, aka kashe Kirista, aka ƙone masujadai. Bayan 'yan kwanaki aka yi ramuwar gayya a Anaca, aka kashe mutanen Arewa, aka ƙone masallatai, jama'a suka gudu barikin soja, waɗansu suka haye gada zuwa Asaba. Wanda aka kashe a Maiduguri bai san mai zanen ba, wanda aka kashe a Anaca bai taɓa kowa a Maiduguri ba. A irin wannan rana kuwa ba a tsayawa tambayar mutum ko yana da katin baftisma.

A zamanin yanzu Hananiya ba ya bukatar ya tsaya a Haikali, yana cikin aljihun kowa. Hoton gawa da ba a san ko na wace ƙasa ba ne, ko muryar wani da ba a san shi ba yana cewa a tashi a gudu ko a tashi a rama, cikin sa'a ɗaya sun gama zango. A nan ne baƙunta biyun nan da Kirista mai jin Hausa yake kuka da ita take zama baiwa. Shi ne yake zama kujera ɗaya da Inyamuri da mutumin Ikwerre ran Lahadi, shi ne kuma yake cin tuwo da Alhaji ran Litinin. Yana jin abin da ake faɗa a ɗakunan biyu. In an ce a masujada duk 'yan zango mugaye ne, yana da bakin da zai ce ya san su, ga wanda ya ba shi bashi ba da takarda ba, ga wanda ya kai matarsa asibiti da dare. In an ce a zango duk mutanen gari maƙiya ne, yana iya faɗin sunan dattijon ikkilisiya da ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta. Wannan aiki yana da tsada, gama mai raba faɗa shi ke shan duka, kuma kowane ɓangare na iya kiransa munafuki. Irmiya ma bai tsira ba: Shemaiya ya rubuto daga Babila yana neman a sa shi a turu saboda wannan wasiƙa. Amma a Matiyu sura 5 masu ƙulla sulhu ne aka yi wa albishir da sunan 'ya'yan Allah. Abu mafi ƙanƙanta da mai bi zai yi shi ne, saƙon da bai tabbatar da shi ba ya mutu a hannunsa.

Akwai kuma magana ga masu masauki, domin wannan fili ana karanta shi a Kano da Kaduna kamar yadda ake karanta shi a Fatakwal. Littafin Firistoci 19:33-34 ya hana a cuci baƙo, ya ce a ƙaunace shi kamar ɗan gida, dalili kuwa shi ne Isra'ilawa su ma sun taɓa yin baƙunta a Masar. Kowane zango a Kudu yana da Sabon Gari a Arewa, kuma yadda aka riƙe wannan haka za a riƙe wancan. A watan Yuni 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye ɗaruruwan mutane, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Wanda ya ji wannan labari ya yi murna, sai ya tambayi kansa ko ƙofarsa za ta buɗu in maƙwabcinsa Musulmi ne ya ƙwanƙwasa a Oyigbo ko a titin Bida.

Daga ƙarshe, aya ta 11 ta wannan sura, wadda take magana a kan kyakkyawan nufin Allah da bege na nan gaba, tana cikin ayoyin da aka fi so, har akan rubuta ta a jikin motoci da kalandu. Sai dai akan manta cewa an faɗe ta ne ga mutanen da aka riga aka gaya musu za su jira shekara 70, kuma tana bayan umarnin gini da shuka da addu'a. Alkawarin ya cika a lokacinsa. Sairus Sarkin Farisa ya ci Babila a 539 kafin haihuwar Almasihu, ya ba da izinin komawa, Littafin Ezra kuwa ya lissafta mutum 42,360 da suka koma. Da kakanninsu sun ƙi yin aure, sun ƙi shuka, sun zauna jiran shekara biyun Hananiya, da ba a sami wanda zai koma ba. Waɗansu kuma suka zauna can, daga zuriyarsu aka sami Nehemiya da Esta, waɗanda suka yi wa jama'arsu amfani daga cikin fadar baƙi.

Allah ya ba Anaca da Inugu da Fatakwal salama, ya ba baƙinsu da 'yan garinsu zuciya ɗaya. Ya tsare matafiya a hanyar Lakwaja da ta Makurɗi, ya sa albarka a kasuwa, ya rufe bakin masu hura wuta. Amin.

Karatun mako mai zuwa: Littafin Rut, sura 1 da 2.